Rahoton Kwamitin Gyaran Gida Kan Shimfiɗa Daɓen Katako

Kwamitin da iyali suka ɗora wa alhakin gyaran gidan nan yana sanar da iyayenmu da 'yan uwa cewa an kammala shimfiɗa daɓen katako a falo da ɗakunan kwana. Kicin da banɗaki an bar su da tayil, domin katako ba ya jure wurin da ruwa ke zuba kullum.

Mun daɗe muna muhawara kan irin katakon da za a saya. Wasu sun so falanki zalla, wanda ake iya gogewa a sabunta fuskarsa sau da yawa, amma da yake ƙasan gidan siminti ne, shi kuwa falanki zalla yana kumbura ta faɗinsa idan ya sha danshi kuma ya tsuke idan iska ta bushe, sai muka tsaya kan katako mai hawa-hawa, wanda samansa itace ne na gaske, ƙasansa kuma siraran katakai da aka manne a gicciye don kada ya kantare. Mun zaɓi mai kaurin fuska milimita 4, yadda nan gaba za a iya goge shi idan ya ƙarje. An sayo ƙarin kashi 10 cikin ɗari saboda abin da zarto ke ci.

Jinkirin da wasu suka yi ƙorafi a kansa daga simintin ya fito, kuma kwamiti yana nan kan bakansa cewa jiran ya dace. Bayan magini ya cike ramuka ya baje ƙasan, kafinta ya manna leda a wurare daban-daban ya bar ta ta kwana. Da aka ɗaga ledar da ke kusurwar falo, sai aka ga raɓa a jikinta, simintin wurin kuma ya yi duhu. Da an rufe shi a haka, da ba a daɗe ba katakon ya tashi. Sai da ma'aunin danshi ya tabbatar wurin ya bushe aka ci gaba. A lokacin jiran an jibge katakon a cikin ɗakunan domin ya saba da iskarsu.

Shimfiɗar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. An fara sa ledar tare danshi, aka jera falankan yadda mahaɗarsu ba za ta faɗo layi ɗaya ba, aka bar tazarar kusan milimita 10 a jikin kowane bango don katakon ya sami wurin motsi, sannan aka rufe tazarar da katakon gindin bango. Ƙofofi biyu sai da aka rage musu ƙasa, domin daɓen ya ƙara tudu.

Muna roƙon mazauna gidan kada su kwara ruwa wajen share daɓen. Tsumma mai ɗan laima ya isa. A liƙa ƙyalle mai taushi a ƙafafun kujeru. Ragowar falankan tana ajiye a sito, a kwance, saboda ranar da za a buƙaci canza wanda ya lalace.