Wasiƙar Iyaye: Eriya Mai Mita 5 a Akwati Mai Santimita 10

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya.

Da yawanku sun aiko suna tambayar abin da ya sa 'yan ƙungiyar kimiyya suka ishe su da neman tsohon tef ɗin awo, irin na ƙarfe da magina da kafintoci ke riƙewa. Ba ɓarna suke shirin yi ba. Eriya suke koyon haɗawa, irin wadda ake ɗaura wa ƙananan taurarin ɗan'adam na masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke da lasisin magana da juna ta iska ba don neman kuɗi ba. Tun ranar 12 ga Disamba 1961 aka harba tauraronsu na farko, OSCAR 1, daga Amurka. A yau yawancin ƙananan taurarin ana gina su ne bisa tsarin CubeSat, wanda Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, malaman jami'a a Kalifoniya, suka fito da shi a 1999. Ma'auninsa na asali akwati ne mai santimita 10 ta kowane ɓangare.

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman tasha a mita 19 ko mita 25 ya riga ya san rabin zancen. Lambobin nan tsawon zangon igiyar rediyo ne, kuma tsawon eriya da shi yake tafiya. Lissafin ba wuya: a raba 300 da adadin megahaz, wato ma'aunin saurin kaɗawar igiyar, sai a samu tsawon zangon a mita. Gajeren zango ya kama daga megahaz 3 zuwa 30, a cikin wannan tsakanin kuwa taurarin 'yan sha'awa sun fi amfani da wajen megahaz 29, wato zangon mita 10. Eriya mai hannu biyu tana buƙatar rabin zangon, kusan mita 5, kowane hannu mita 2 da rabi. To, yaya za a cusa wannan a akwatin da mutum zai ɗauka a tafin hannu? A megahaz 435 kowane hannu santimita 17 ne kacal, shi ya sa mafi yawan masu gina taurarin can suke gudu.

Amma gajeren zango na da abin da ke jan mutane. Tauraro na tafiya da gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya, gudun kuma na sa siginarsa ta riƙa zamewa daga inda aka saita. A megahaz 435 zamewar na kai kilohaz 10, a 29 ko kilohaz 1 ba ta kaiwa, don haka ɗan koyo zai iya bin ta da hannu. Sai kuma batun iyonosfiya, sashen saman iska da hasken rana ke cika da cajin lantarki. Shi ne ke dawo da siginar tashoshin nesa zuwa rediyonku. Tauraro yana cikin wannan sashe ko samansa, saboda haka idan aka sauko wajen megahaz 7, sau da yawa sai sashen ya mayar da siginar tauraron sama, ba ta iso ƙasa ba. Dalilin da ya sa ake maƙale wa megahaz 21 da 29 ke nan.

A nan tef ɗin awo ya shigo. Lanƙwasar da ke faɗinsa ita ce sirrin: ana iya naɗe shi ƙulli ƙarami, da zarar an sake shi ya miƙe sambal. Ana ɗaure naɗin da zaren nailan, a sa zaren ya bi ta kan wata 'yar waya da ke yin zafi idan lantarki ya ratsa ta. Ƙa'idar CubeSat ta ce kada a buɗe komai sai bayan minti 30 da rabuwa da roka, sannan kwamfutar ciki ta ƙona zaren. Idan zaren bai tsinke ba, tauraron ya zama kurma kuma bebe, babu kuma mai hawa ya gyara. Shi ya sa masu hankali ke sa wayar ƙonawa biyu.

Gardamar da ta fi zafi a ƙungiyar ita ce ta gajarta eriyar. Ana iya rage tsawonta a sa kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya, a gindi ya cike giɓin, kuma yara da yawa wannan suka so domin ya fi tsafta a ido. Sai dai kwayil na cinye wani kaso na ƙarfin ya mayar da shi zafi, yana kuma ƙuntata faɗin zangon da eriyar za ta yi aiki a kai. Akwatin da farantan solarsa ba sa ba shi fiye da wat 1 zuwa 2 ba shi da rarar da zai zubar. Dogon tef shi ma ba tsira ba ne, yana iya karkaɗawa lokacin buɗewa ya sa tauraron wulwulawa, kuma yana ƙara jan iska. Ni dai ina bayan a rage kaɗan, ba rabi ba, amma na bar su su auna da kansu kafin su yarda da ni. Abu ɗaya da kowa ya amince da shi: jikin akwatin ya yi ƙanƙanta ya tsaya a madadin hannu na biyu, dole a yi hannu biyu.

Don kada a yi mana mummunar fahimta, ba tauraro za mu harba ba. Samfuri ne na kwali da katako, za a gwada buɗe shi a filin makaranta. Bayan haka za su kafa eriyar ƙasa su nemi AMSAT-OSCAR 7, wanda aka harba a Nuwamba 1974, ya yi shiru a 1981 saboda matsalar batir, sai ga shi an sake jinsa a 2002. Yana aiki ne kawai idan yana cikin hasken rana, kuma wani lokaci yana sauko da sigina a megahaz 29. Rediyon gida ba zai kama shi ba, wata ƙaramar na'ura ce ake soka wa kwamfuta.

Muna roƙonku abu kaɗan. Bakin tef yana yanka, yana kuma iya bugun ido idan ya kufce, don haka kada yaro ya yanka ko ya naɗe shi a gida. A makaranta akwai tabarau da safar hannu. Kada a bari kowa ya ɗaga waya ko sanda kusa da layin wutar lantarki. Sauraro kawai muke yi, domin watsa sigina sai mai lasisi. Lokacin wucewar tauraron ba kullum yake dacewa da lokacin aji ba, saboda haka mun ba kowane ɗan ƙungiya takardar izinin tsayawa bayan an tashi. A sa hannu a dawo da ita ta hannun malamin aji.

Nagode,
Malamin kimiyya, a madadin hukumar makaranta