Wasiƙa Zuwa Ga Malam Kabiru Kan Shekarun Tsaunuka Da Neman Mai

Samaru, Zariya.

Aminina Malam Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa masana duwatsu ke shafe shekaru suna aune-aune kafin a haƙa rijiyar mai, alhali tun a 2019 aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Amsar tana ga lokaci. Ɗanyen mai yana nuna ne a cikin dutsen laka da ya nutse ƙarƙashin ƙasa har zafinsa ya kai kimanin digiri 60 zuwa 120, sannan ya riƙa tsiyayowa sama. Idan ƙasa ta riga ta lanƙwashe ta yi masa tarko, sai ya taru. Idan kuwa lanƙwasar ta zo daga baya, to an yi kamar mai tarar ruwan indararo da ya kawo tulu bayan ruwa ya ɗauke.

Shi ya sa gindin manyan tsaunuka ya fi ko'ina jan hankalina. A gindin tsaunukan Zagros aka samu man Masjid Sulaiman na Iran a 1908, da na Kirkuk a Iraƙi a 1927, domin karon da doron Larabawa ya yi da na Asiya ya naɗe shimfiɗun farin dutse, gishiri kuma ya rufe su ta sama. Amma wannan tashin ƙasa da ke gina tarko shi ne kuma ke jawo zaizaya, wadda kan kwashe murfin, ta kuma sanyaya dutsen da ke dafa man har ya daina.

Yadda ake gano lokacin tashin shi ne abin da ya fi burge ni. A cikin dutsen yashi akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ake kira afatait, masu ɗauke da ɗan yuraniyam. Duk sa'ad da ƙwayar zarra guda ta yuraniyam ta tsage da kanta, sai ta bar siririn tabo wanda tsawonsa bai wuce maikuron 16 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ana goge fuskar ƙwayar, a jiƙa ta da asid, a sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ka ga tabban sun fito baƙi-baƙi, wasu a giciye da juna, mutum ya zauna yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ruwa. Zafin da ya haura digiri 120 yana shafe su tas, saboda haka yawansu yana nuna tun yaushe dutsen ya baro zurfin kilomita 3 zuwa 4, tsawonsu kuma yana nuna ko da sauri ya taso ko a hankali. Akan haɗa da awon iskar hiliyam da ke maƙale a ƙwayar, wadda ke fara taruwa a cikinta idan zafi ya sauko wajen digiri 70.

Mu ma a kwarin Binuwai, inda Kolmani yake, tambayar ke nan: yaushe ƙasa ta tashi ta naɗe? Wajen Abakaliki ƙasa ta naɗe kimanin shekaru miliyan 85 da suka wuce, a yankin kogin Gongola kuma shimfiɗun dutsen da ake kira Kerri-Kerri suna kwance ne a kan duwatsun da suka riga suka lanƙwashe suka zaizaye. A ganina, sanin yawan abin da zaizaya ta kwashe a can ya cancanci a kashe masa kuɗi kafin kowace sabuwar rijiya, domin kuɗin awon bai kai komai ba idan aka kwatanta da asarar rijiya busasshiya. Nan Zariya dai, kamar yadda dutsen Kufena ke nunawa, a kan tsohon dutse mai tauri muke zaune, wanda ba ya haifar da mai.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka amini,
Sani