Wasiƙa zuwa ga ɗana kan injin ruwan gidansa

Ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Tun da ka gaya mini injin ruwanku yana tashi yana mutuwa da zarar an buɗe famfo, abin yake raina. Ka ce sabo za ka saya. Dakata tukuna. A ganina injin lafiyarsa ƙalau, tankin ne ya rasa iska, kuma in ka ɗaura sabo a haka, shi ma kwayil ɗinsa zai ƙone.

Wannan tankin da ke gefen inji ba ruwa kaɗai ke cikinsa ba. Akwai roba da ta raba shi biyu, iska a gefe, ruwa a gefe. Inji ya turo ruwa, iskar ta matsu, ita ce kuma ke koro muku ruwan yayin da inji ke hutawa. In iskar ta tsere, sai tanki ya cika maƙil. Shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, ko kofi ɗaya aka ɗiba sai ƙarfin ya faɗi, makunni, wato abin da ke kunna inji ya kashe shi da kansa bisa ƙarfin ruwa, ya tayar da inji. Kowane tashi yana jan wuta ninkin ba ninkin, wannan zafin ne ke cinye shi a hankali.

Ka fara kashe wutar daga tushe. Kada ka raina wannan, wurin jiƙe yake. Sai ka buɗe famfo har ruwa ya ɗauke, allurar geji, wato agogon da ke nuna ƙarfin ruwa, ta kwanta a sifili. A jikin tankin za ka ga bawul irin na taya. Danna ƙwayarsa da farce. In ruwa ya feso maka a yatsa, robar ta fashe, sai dai a sake ta ko a sake tankin. In iska ce ta fito, auna ta da gejin taya, sannan ka duba lambar da ke murfin makunnin. In 30/50 aka rubuta, inji na tashi a 30 ya tsaya a 50, iskar tanki kuma 28 take so. In 40/60 ne, 38. Lambobin nan psi ne, ma'aunin ƙarfin matsi: kullum iskar tanki ta zama psi 2 ƙasa da inda inji yake tashi. Famfon keke ma ya isa ka cika. Mutane da yawa suna awon nan da ruwa a cikin tanki, shi ya sa geji ke ruɗinsu.

Sauran ciwon da kunne ake gane su. In yana tashi da tsakar dare ba mai ɗibar ruwa, rufe bawul ɗin da ke kai ruwa cikin gida ka zuba wa geji ido: in allura ta tsaya, yoyon a gida yake, in ta ci gaba da sauka, galibi ruwa ne ke komawa rijiya ta bawul ɗin ƙasa, wanda aikinsa hana ruwa komawa. In yana gurnani bai juya ba, kashe shi nan take, galibi kafasita ce, wato 'yar na'urar da ke taimaka masa ya fara juyawa. Tana riƙe wuta ko bayan an kashe, ka bar wa mai gyara. Kada kuma ka bar shi yana juyawa ba ruwa, ko na ɗan lokaci.

In ka auna, ka kira ni ka faɗa mini lambar da ka gani kafin ka taɓa komai a makunnin.

Mahaifinka.