Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mini Da Matosan Kwalba Masu Yoyo Da Wari

Zuwa ga Manajan Darakta da sauran shugabannin kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Na so a ce tsakanina da ku muka kashe wannan magana ta matosan ɓawon itace da kuka sayar mini ba tare da kowa ya ji ba. Abin da ya sa na fito da ita fili shi ne saƙon da jami'inku na sashen kula da abokan ciniki ya turo mini ranar 9 ga Oktoba da ƙarfe 4:12 na yamma. Zan kawo shi yadda yake, don kada a ce na ƙara masa gishiri:

"Hajiya, ɓawon itace halittar Allah ce, ba a ba da garanti a kansa. Idan kwalabenki na yoyo ki duba yadda yaranki ke cika su. Za mu iya yi miki ragin kashi 5 cikin ɗari a odarki ta gaba. An rufe wannan ƙorafi."

Oda ta gaba! Na kira lambarsa nan take, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Washegari na sake kira, aka ce yana taro. Har yau taron bai tashi ba.

Ni ƙaramar masana'anta nake da ita, ruwan wardi muke yi muna zubawa a kwalaben gilashi. Duk jarin mai irin wannan sana'a ƙamshi ne. Idan ƙamshin ya lalace, abin da ya rage a kwalba ruwa ne kawai. Shi ya sa ban taɓa yin arha da matoshi ba. A watan Afrilu wakilinku ya kawo mini samfur, guda 50 a cikin leda mai kyau, sumul-sumul, masu tsabta, ba su da wani wari. Na gwada su, suka kama bakin kwalba gam. A kan wannan samfur na ba da odar matosai 12,000 na ɓawon itace zalla, gunduma guda ba haɗi ba, kauri milimita 24, tsawo milimita 44, daraja ta ɗaya. Haka aka rubuta a takardar oda, da sa hannun wakilinku a ƙasa. Na biya rabin kuɗin a ranar, ragowar kuma kafin a loda kaya, kamar yadda kuka gindaya.

An ce kaya za su iso cikin mako uku. Sai wajen tsakiyar Yuni suka iso. Ban yi ƙorafi a kan wannan ba, jinkiri na samun kowa.

Buhu goma sha biyu aka sauke. Uku a cikinsu ledar ciki a yage take, an like da salatif. Babu buhu ko ɗaya mai ɗauke da lambar rukuni ko ranar da aka sarrafa kayan. Na tambayi direban, ya ce shi dai kawo kaya aka ce ya yi. Na kira ofishinku a lokacin, wata baiwar Allah ta ce kada in damu, duk rukuni ɗaya ne da samfurin da na gani.

Muka rufe kwalabe 4,800 da su kafin matsala ta bayyana. Tun da jami'inku ya ɗora laifi a kan ma'aikatana, bari in gaya muku yadda muke aiki. Faɗin cikin bakin kwalbarmu milimita 18.5 ne, wanda shi ne daidai da matoshi mai milimita 24. Injinmu yana matse matoshin zuwa wajen milimita 16, ba ya wuce haka, don in an matse shi fiye da kima ƙwayoyin cikinsa kan fashe ya kasa komawa yadda yake. Muna barin fili tsakanin ruwa da gindin matoshi saboda ruwa na kumbura idan ya ji zafi. Bayan an rufe, kwalba kan kwana a tsaye kafin a kwantar da ita, domin matoshin ya gama buɗewa ya kama gilashi, iskar da aka danne a ciki kuma ta samu ta fita. Shekaru muna yin haka da matosan wani kamfani, da inji ɗaya, da kwalba iri ɗaya, da ma'aikata ɗaya, ba mu taɓa goge ɗigo a kwali ba. Abu ɗaya ne ya canja a masana'antata cikin wannan shekara, shi ne ku.

A ƙarshen Yuli dillalai suka fara kira. Na farko ya ce kwalayen sun jiƙe, takardun da muka manna a jikin kwalabe sun saɓule. Ta biyu abin da ta faɗa ya fi yoyon ciwo. Ta ce, "Hajiya, me kuka sa a ciki? Wari yake kamar jiƙaƙƙen kwali da ya daɗe a ɗaki mai laima." Na buɗe kwalba daga cikin waɗanda suka rage a sito, na shinshina. Wardin ya dushe, kamar an danne shi, sai wani warin funfuna a samansa. Kwalabe 1,130 aka dawo mini da su zuwa yanzu. Sauran ban san nawa ne suka shiga hannun mutanen da suka shinshina, suka yar, suka ƙudurce ba za su ƙara sayen kayana ba, ba tare da sun gaya wa kowa ba. Wannan asarar ba ta da rasit.

Sai na zauna da wuƙa da ma'aunin kauri na bi kayanku ɗaya bayan ɗaya. Na ɗebo daga kowane buhu.

Da yawa kaurinsu bai kai milimita 23 ba, wasu ma ba zagayayyu ba ne, in ka auna ta nan ka juya ka auna ta can sai ka sami lamba daban. Wasu a bushe suke ƙayau, kana lanƙwasa su suna tsagewa, alhali matoshi mai kyau danshinsa tsakanin kashi 4 ne zuwa 8 cikin ɗari, shi ne ke ba shi taushin da zai matsu ya dawo. Da na tsaga wasu biyu sai na tarar ba gunduma ba ne sam, ɓarɓashin ɓawo ne aka haɗa da gam aka matse, aka shafe bayansa ya yi kyau. Wasu kuma ramukansu ne aka cike da garin ɓawo da gam, kana murza su garin na zuba a tafin hannu, shi ne abin da dillalai ke gani yana yawo a saman ruwa. Irin waɗannan matosai suna da nasu amfani da nasu farashi, ban ce haramun ne a sayar da su ba. Amma ba su na saya ba, kuma ba kuɗinsu na biya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda aka yanka a karkace. Ɓawon nan yana da 'yan hanyoyin numfashi da suka ratsa shi daga waje zuwa ciki. Shi ya sa ake huda matoshi ta tsawon bishiyar, domin waɗannan hanyoyi su kwanta a gicciye, su ƙare a jikin gilashi. In suka bi tsawon matoshin daga ƙasa zuwa sama, to ka yi wa ruwa hanya ne da hannunka. Na sami irinsu a buhu biyu, ramin ya taso daga gindi ya kusa fita ta kai. Wannan shi ne darasin farko a sana'arku. Wane ne ya duba su ya ce su wuce?

Yanzu bari mu koma kan "halittar Allah". Gaskiya ne, kuma halitta ce mai ban al'ajabi. Bishiyar, wadda masana ke kira Quercus suber, tana fitowa a ƙasashen yammacin Bahar Rum, Fotugal kaɗai na samar da kusan rabin ɓawon da duniya ke amfani da shi, sai Sifaniya, sai irin su Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Sai ta kai shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan sai bayan kowace shekara 9. Ɓawon farko da na biyu ba sa yin matoshin gunduma, sai na uku, lokacin bishiyar ta haura shekara 40. A cikin kowane santimita ɗaya ta kowace fuska akwai ƙananan ɗakuna cike da iska wajen miliyan 40, bangonsu na da wani sinadari mai kama da kakin zuma da ke hana ruwa ratsawa. Manomi ya jira shekara arba'in, Allah ya yi nasa cikakke. Abin da ya biyo baya duk aikin mutum ne: a shanya ɓawon watanni a wurin da ba zai taɓa ƙasa ba, a dafa shi a tafasasshen ruwa wajen awa guda, a tantance shi daraja-daraja, a huda, a wanke, a busar, a shafa masa kaki da silikon don ya shiga kwalba ya fita lafiya, a rufe shi a ledar da iska ba ta shiga. A wanne daga cikin waɗannan matakai ne ba za a iya ba da garanti ba?

Warin ma ba aljani ba ne. Sunansa TCA, kuma tun farkon shekarun 1980 masu bincike a Suwizalan suka gano shi ne ke ɓata abin da aka rufe da matoshin ɓawo. Funfuna ce ke samar da shi idan ta haɗu da wasu sinadarai masu kulorin, irin waɗanda ake samu a maganin ƙwari da maganin da ake shafa wa katako, ko kuma daga wanke matosai da bilic. Saboda haka ne masana'antun kirki suka bar kulorin suka koma wanki da haidurojin feroksaid. Hancin ɗan Adam na jin wannan wari ko da 'yan nanogiram ne a cikin lita guda, wato abin da ido ba zai taɓa gani ba. Kuma ɓawo na zuƙar wari daga inda aka ajiye shi, daga katakon ɗora kaya, daga kwali, daga sito mai laima. Ledar da ta yage aka like da salatif ba ƙaramin abu ba ne a wannan harka.

Ba ni da ɗakin gwaji, amma ina da hanci, da shi nake cin abinci. Na sa matosanku a tuluna na gilashi da ruwa mai tsabta, na sa ragowar tsofaffin matosaina a wasu tulunan, na rufe suka kwana. Da safe na kira ma'aikatana ɗaya-ɗaya ba tare da na gaya musu wanne ne wanne ba. Babu wanda ya yi kuskuren nuna naku.

Ranar 12 ga Agusta na aiko muku da wasiƙa da hotuna da matosai 200 a matsayin shaida. Aka ce an karɓa. Na nemi takardar gwajin wannan rukuni, domin akwai ƙa'idojin duniya a kan haka: ISO 9727 ta tanadi yadda ake auna girman matoshi, da danshinsa, da yadda yake komawa bayan an matse shi, da ƙarfin da ake buƙata kafin a zare shi, da hana yoyo, da yawan ƙurar da yake zubarwa, ISO 20752 kuma ta auna TCA ce. Bayan kira da saƙonnin da na daina ƙirgawa, wani lokaci a Satumba aka turo mini hoton wata takarda dishi-dishi, gurbin lambar rukuni a shafe, gurbin kwanan wata a shafe. Na tambaya ta wane kaya ce, aka ce "ta kayanmu ce gaba ɗaya". Aka yi mini alkawarin injiniya zai zo ya duba injina. Na ce bismillah, ƙofa a buɗe take. Bai zo ba. Da na tambayi ina matosai 200 da na aiko, aka ce wanda ya karɓa ya bar aiki.

Sannan aka rufe ƙorafi da ragin kashi 5.

Ranka ya daɗe, ga abin da nake nema. Ku zo ku kwashe matosan da suka rage a sitona, suna nan a buhunansu, na ware su nesa da sauran kaya don kada su harbi na kirki. Ku mayar mini da kuɗina cif, ba ragi ba, ba musaya ba. Ku biya ruwan wardin da ya lalace da kwalaben da kuɗin dakon dawo da su. Ku yarda mu ɗebi samfur a gabanku da gabana, mu rufe, mu kai ɗakin gwajin da ba naku ba, wanda sakamako ya kayar shi ya biya. Kuma ku rubuto a takarda mai ɗauke da tambarinku cewa laifin ba na ma'aikatana ba ne, domin mata da samarin da jami'inku ya kira "yaranki" sun fi shi sanin bakin kwalba.

Akwai kuma tambayar da ta fi kuɗina girma. Buhun da ya fito daga masana'anta ta gaskiya da lambar rukuni yake fitowa, don in an sami matsala a bi sawunsa. Buhu goma sha biyu ba sa rasa lamba gaba ɗaya bisa kuskure. Gunduma da haɗi da ciko ba sa haɗuwa a leda ɗaya sai an zuba su. Tun da na fara magana, masu ƙananan masana'antu biyu sun tuntuɓe ni, labarinsu da nawa ɗaya: samfur mai kyau, buhu marar lamba, sannan a ce laifin injinsu ne. Abin da nake zargi, kuma ina jiran ku ƙaryata ni da takarda, shi ne kuna sayen rukunan da manyan kamfanoni masu ɗakin gwaji suka ƙi karɓa, ku cire lamba, ku gauraya, ku sauke wa irinmu waɗanda kuka san ba mu da na'urar kama ku. Wasu daga cikin masu sayen kayanku abin sha suke rufewa, wasu magani. Su wa ya gaya musu abin da ke cikin buhun?

Ina ba ku kwana 14 daga yau. Bayan haka zan miƙa takardar oda da rasit da hotuna da saƙon 9 ga Oktoba ga hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya da hukumar kula da ingancin kayayyaki, tare da sauran waɗanda abin ya shafa. Lambata na nan a kan takardar odar da ke ofishinku, ba ta canja ba, ni kuma ina ɗaukar waya.

Naku,
Mai masana'antar ruwan wardi, mai odar matosai 12,000