Zuwa ga Hauwa'u, akan yayen maigidana

Assalamu alaikum Hauwa'u, ya Riyad, ya mai gidan naki, ya ɗan maigidana? Mu nan Makka sai godiya, Babanki ƙafar ce dai har yanzu amma yana lallaɓawa Harami ran Juma'a.

Sau uku ina kiranki baki ɗauka ba shi yasa na zauna na rubuta, ki karanta har ƙarshe. Anti Rabi tazo jiya, cikin hira take cemin wai kin fara yaye yaron, kuma wai da daddare kina ɗura masa maganin mura na ruwa ɗinnan da ake saya a saidaliyya, wato kemis, dan yayi barci kema ki samu ki runtsa. Wallahi tunda ta faɗa abinci bai wuce min ba.

Hauwa'u ashe zaki iya? Yaro ɗan wata 14, ba mura yake ba ba tari ba, ki ɗauki cokali ki bashi abinda zai kwantar dashi kamar gawa? Irin wannan maganin likitoci sun hana a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, yana iya danne masa numfashi yana cikin barci, ke kina gefe kina cewa Alhamdulillah yau ya bari na huta. Ba sai na tuna miki Sadiƙu ba, kina da wayo lokacin, kinga yadda na dawo daga maƙabartar Shara'i hannu biyu babu komai. Ni bazan sake ganin irin wannan ba da raina. In kwalbar na nan ki zubar da ita yau ba gobe ba, kuma duk ranar da kika ga yaro yayi nauyin barci ana tashinsa baya tashi ko numfashinsa na ja, ki kira 997, lambar motar asibiti, kar ki tsaya neman shawarar maƙociya.

Nasan zaki ce ai ni rana ɗaya na yaye ku, na shafa maɗaci na kai ku gidan Inna. Haka ne nayi. Amma kun kusa shekara 2 dukkanku, kuma shagala, wato aikatau, nake fita tun asuba a gidan mutane, da me zan biya haya in ban fita ba? Ke fa Allah ya rufa miki asiri, gaggawar me kike? Shekara 2 cikakku Allah ya ambata a Baƙara aya ta 233.

In kuma dole sai kin yaye to ki bi a hankali, ki fara janye na rana ɗaya bayan ɗaya kina barin kwana uku huɗu tsakani, na dare shi ne ƙarshe dan shi yafi wuya. Bayan magariba ki cika masa ciki da kunun gyaɗa mai kauri ko waken ful da kika murje da ɗan ƙwai, kiyi masa wanka ki rage mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. In ya farka cikin dare ubansa ya ɗauke shi ya saɓa a kafaɗa ya bashi ruwa a kofi, tunda in yaji ƙamshinki bazai haƙura ba. Zai yi kuka kam, kwana kaɗan ne. Banda fida da madara mai suga a baki har ya yi barci, haƙora take ci, shayi kuma baya barin jini ya ƙaru.

Maganar ƙin cin abinci kar ta dame ki, duk yaro in ya wuce shekara cinsa na raguwa, cikin nasa ma nawa yake, kamar dunƙulen hannunsa. Kaɗan kaɗan sau huɗu ko biyar, ki zaunar dashi ku ci tare, banda ɗure. Ki dai riƙa duba pampas ɗinsa, in ya wuni a bushe ku tafi mustashfa, wato asibiti.

Nasan kin gaji 'yata, ke kaɗai a garin da baki da kowa, ban manta daɗin barci ba nima. In abin ya fi ƙarfinki ku taho umra ki kwana biyu a ɗakina, ni zan goya shi da daddare ke ki kwanta. Na soya miki gyaɗa na niƙa da gero, Anti Rabi zata taho miki dashi ran Asabar. Ki kirani bayan isha'i ki sa min shi a waya inji muryarsa.

Ummanki