Kafin ka sa hannu a takardar Yamai

Maraɗi, ranar Lahadi da dare

Aminina Issufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Nan kowa lafiya. Jiya na leƙa wajen Inna a Bagalam, ta ce in gaya maka tana nan tana jiran cukun da ka yi mata alkawari tun Sallar layya.

Saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka zaɓi, ko Yamai da ƙarin jika 50 (sefa dubu 50) a kan albashi, ko Maraɗi babu ƙari, kuma ranka ya fi karkata ga Yamai. Ni da na yi shekara 4 can, bari in gaya maka inda jika 50 ɗin nan za ta shige.

Da na sauka, gidan da ya yi mini shi ne wani mai ɗaki biyu da falo a Yantala, kusa da wurin aiki. Da dillali ya faɗi kuɗin sai na yi dariya, na zaci wasa yake. Ban ma tambayi Plateau da Koira Kano ba, can sai ma'aikatan ƙungiyoyin Turawa. Ga shi maigida na son kuɗin wata uku a hannu, dillali kuma yana jiran nasa. Sai na yi wayon da kowane baƙo ke yi, na ƙetare kogi zuwa Harobanda, na samu gida a kan jika 45. Na kwana ina murna wai na tsira da jika 30 duk wata.

Ashe wa direbobin taksi na tara wa. Taksin Yamai ba ya kai ka ƙofar biro a shiga ɗaya. Sai ka sauka a Babbar Kasuwa ka sake wani, in ka ambaci unguwa mai nisa direba ya ce kuɗin mutum biyu ne, ko ya ja motarsa bai ko dube ka ba. Shiga biyu da safe, biyu da yamma, ga yara biyu masu zuwa lakwal, ga uwargida da cefane. Tuwon rana kuma ka manta da shi, wa zai koma gida ta gadar Kennedy da tsakar rana ya dawo? Sai ka sayi shinkafa bakin titi. Wata rana na zauna da alƙalami, na tarar abin da na rage a haya ya tafi a mota da abinci har da ɗori. Faba-faba, ƙaramar bas ta haya, ta fi araha, amma sai ta cika take tashi, kai kuma agogo na cin ka.

Nan Maraɗi, a Ali Ɗan Sofo, jika 30 nake biya, da tsakar gidana da bishiyar dogon yaro, har tumaki biyu na ɗaure. Minti goma a kan moto na isa aiki, azahar a gida nake yi. Ranar da moto ya ƙi tashi, ɗan kabu-kabu ko adaidaita na bakin layi.

Kada ka ce na ɓoye maka, garin ba kamar yadda ka bar shi ba ne. Man kwalba da muke saye da arha daga Jibiya ta Ɗan Isa ya tashi tun da Tinubu ya cire tallafi a watan Mayun 2023, ƴan kabu-kabu suka ƙara kuɗi. Ragin kuɗin mai da gwamnatinmu ta Nijar ta yi a 2024, lita daga sefa 540 zuwa 499, ya ɗan sassauta. Haya ma tana hawa a gefen jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo saboda ɗalibai. Kuma in kana neman ƙarin girma a aiki, gaskiya ma'aikatun suna Yamai, wanda ake gani kullum shi ake tunawa.

Amma ka sa wannan ma a lissafi: tsakanin Yamai da nan kilomita fiye da 600 ne, ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, wuni guda a kar. Suna, biki, rasuwa, duk sai ka zo, kuma ba ka zuwa hannu rabbana. Inna kuwa ƙafarta sai a hankali.

In har Yamai ɗin ce, ka nemi gidan da za ka taka da ƙafa zuwa aiki ko da ya fi tsada. In nan ce, gidan da ke bayan nawa zai zama fanko ƙarshen wata, na ce wa mai shi ya dakata mini har Juma'a. Ka kira ni kafin nan.

Naka har kullum,
Laminu