Zaɓen da ɗalibaina suka yi a Tsibirin Kada

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu. Ni malamin darasin gwamnati ne a wata sakandare a nan Kaduna. Duk lokacin da na zo babin zaɓe sai yara su kama hamma, don haka a zangon da ya wuce na ce mu ƙirƙiri ƙasarmu, mu zaɓa mata shugaba. Suka zana tsibiri a allo, suka yanka shi gunduma shida, suka raɗa masa suna Tsibirin Kada, wai tunda sunan garinmu ma daga kada ya samo asali.

Ɗalibai 54 ne a ajin. Ban ce wa kowa ga gundumarsa ba, amma kafin in juya sun raba kansu: 'yan Tudun Wada da Rigasa gefe guda, 'yan Barnawa da Sabon Tasha wani gefen, kamar kogin Kaduna ya ratsa ta tsakiyar ajin. Mutum uku suka tsaya takara. Lokacin tara na ga ɗaya daga cikinsu yana saya wa mutane awara, wakilinsa na biye da shi yana rubuta sunan duk wanda ya ci. Ban koyar da wannan ba, kuma babu shi a manhaja.

Mai awarar ne ya zo na ɗaya da ƙuri'a 23, na biyu 17, na uku 14. Kusan duk ƙuri'unsa daga manyan gundumomi biyu na unguwarsu suka fito. Har magoya bayansa sun fara buga tebur sai na karanta musu sashe na 134 na kundin tsarin mulkinmu na 1999: bayan rinjayen ƙuri'a, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi. A Nijeriya jihohi 24 ke nan daga 36, a tsibirinmu kuwa gunduma huɗu daga shida. Shi biyu gare shi. Aka tashi babu shugaba.

Kafin zagaye na biyu yaron nan ya ɗauki kujerarsa ya koma ɗaya ɓangaren ajin, wajen waɗanda a da gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Ya nemi wata yarinya daga cikinsu ta zama mataimakiyarsa, ta ce sai ya yi alkawarin raba sharar aji daidai, ya yi. Na shekara ina yi musu wa'azin haɗin kai bai motsa ba. Lissafi ne ya tashe shi.

Yarinyar ce kuma ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da gundumomin bakwai ne fa, nawa ne biyu cikin ukunsu?" Na ce 'yata, kin taɓo tsohon gyambo. A 1979 jihohinmu 19 ne. Alhaji Shehu Shagari ya samu kason da ake bukata a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Cif Obafemi Awolowo ya ce sai an cika 13, lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce sha biyu ne da biyu cikin uku na jiha guda. Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Ajin ya yi tsit, abin da ban saba gani ba.

Wani ya kawo shawarar a huta da rigima a yi karɓa-karɓa. Na ba su labarin Komoros, ƙasar tsibirai ta gaske a Tekun Indiya, wadda ta sa wannan tsari na karɓa-karɓa tsakanin tsibiranta a kundinta a 2001. Azali Assoumani ya hau daga babban tsibirin a 2002, Ahmed Abdallah Sambi ya karɓa a 2006, Ikililou Dhoinine a 2011. Da mulki ya zagayo hannun Azali a 2016, sai aka gyara kundin a 2018 ya sake tsayawa. Yaran suka jefa ƙuri'a suka ƙi shawarar. Ni dai da an bar ni da na gwada ta, amma ba ni da ƙuri'a a tsibirin.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bayan zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 an shafe watanni a teburin mai shayi ana musu ko dole ne mai nasara ya samu kashi 25 cikin ɗari a Abuja, tunda sashe na 134 ya ambace ta tare da jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Oktoba cewa Abuja tamkar jiha take a wannan lissafi. Na zauna cikin masu musun a unguwarmu, kuma ba na jin akwai mutum biyu da suka taɓa ganin sashen da idonsu. Ba laifinsu ba ne, da Turancin lauyoyi aka rubuta shi. Jaridu kuwa sun fi ba mu labarin wa ya sauya sheƙa, wa ya zagi wa.

Ina roƙonku kafin zaɓen 2027 ku ware shafi guda ku fassara sashe na 134 da Hausar da kowa ke ji, tare da sashe na 179 da ya shafi gwamna, ku buga misalin lissafin da ƙananan hukumomin Kaduna 23. Ku sa alƙaluma manya yadda za a iya yanke shafin a liƙa a bangon aji. In kun buga, ni zan sayi kwafi goma.

Mai awarar dai ya ci zagaye na biyu da tazarar ƙuri'a huɗu. Har yanzu mataimakiyarsa na binsa bashin alkawarin shara.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Kakuri, Kaduna.